Fashewar Jijiyar Jini a Cikin Ciki ga Masu Cutar Lufus: Bayani ga Jama'a da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Wannan shafi yana daga cikin jerin bayanan kiwon lafiya da muke kawo wa jama'ar karkara da masu riƙe da muƙamai a ƙananan hukumomi. A wannan karo mun ɗauko wata matsala wadda ba kasafai take aukuwa ba, amma idan ta auku takan hallaka mutum cikin 'yan sa'o'i, wato fashewar jijiyar jini a cikin cikin wanda yake fama da cutar lufus. Abin da ya sa muka ga ya dace a yi bayaninta shi ne, ciwon ciki abu ne da jama'a suka saba da shi, akan danganta shi da olsa ko taifot ko tsutsar ciki, a sayo magani a kemis, a jira gari ya waye. Ga mai cutar lufus kuwa, wannan jira yana iya zama sanadin rasa rai. Da yake mafi yawan masu wannan cuta mata ne, za mu riƙa ambaton marar lafiya a matsayin mace, amma bayanin ya shafi maza ma.

Mece ce cutar lufus?

Jikin ɗan Adam yana da garkuwa wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta. A cutar lufus wannan garkuwa ce take rikicewa, ta juyo kan jikin da ya kamata ta kare, ta riƙa haddasa kumburi a fata da gaɓoɓi da ƙoda da zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa da kuma jijiyoyin jini. A katin asibiti akan rubuta sunanta da haruffan SLE. Ba a ɗaukarta daga wani, ba sammu ba ce, kuma ba a samunta ta hanyar abinci ko ruwan sha.

A cikin kowane mutum 10 masu cutar, kimanin 9 mata ne, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 45, wato shekarun haihuwa. Alamominta sun haɗa da ciwon gaɓoɓi, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, kasala mai tsanani, zubewar gashi, gyambon baki, ƙuraje a kumatu da karan hanci waɗanda zafin rana yake tsanantawa, da kumburin fuska da ƙafafu idan ta taɓa ƙoda. Cuta ce mai lafawa ta sake tashi. Ba a warkewa daga gare ta baki ɗaya, amma da magani da bibiyar asibiti mutane da yawa suna rayuwa da ita shekaru masu yawa, suna aiki, suna aure, suna haihuwa.

Likita Moritz Kaposi ne ya nuna a shekarar 1872 cewa cutar ba a fata kaɗai ta tsaya ba, tana shiga sassan cikin jiki. A shekarar 1948 aka gano wata alama tata a cikin jini a ƙasar Amurka, abin da ya buɗe hanyar gwaje-gwajen da ake yi yanzu. A nan Nijeriya, a shekarar 1968 likita Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Ibadan kafin ya koma Zariya, ya wallafa cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a tsakanin marasa lafiyar da ya duba bayanansu. Sai dai rahotannin da asibitocin ƙasar nan suka fitar daga baya, bayan an sami ƙwararru da kayan gwaji, sun nuna cewa cutar tana nan, kuma sau da yawa akan daɗe ana yi wa mai ita maganin maleriya ko taifot kafin a gane ainihin abin da ke damunta. An ware ranar 10 ga watan Mayu na kowace shekara domin faɗakarwa a kanta a duniya.

Mene ne bororon jijiya?

Zuciya tana tura jini ta wata babbar jijiya da ta gangaro ta ƙirji ta shiga ciki, daf da ƙashin baya. Faɗinta a cikin cikin baligi kimanin santimita 2 ne. Daga jikinta ne rassa suke fita zuwa saifa da hanta da tumbi da hanji da ƙoda. Jinin da ke cikin waɗannan jijiyoyi yana tafiya ne da ƙarfi, shi ya sa bangonsu yake da kauri da danƙo.

Duk manomin rani ya san abin da ke faruwa da tiyon ban ruwa idan wani wuri a jikinsa ya yi rauni: da zarar an tayar da inji sai wurin ya turo kamar balan-balan, yana ƙara girma fatarsa tana ƙara sirancewa, har ranar da zai fashe. Haka jijiyar jini take yi. Wannan turowa ita ce muke kira bororon jijiya, likitoci kuma suna ce mata aniyurizim. Idan babbar jijiyar ciki ta kai faɗin santimita 3 ko fiye, an ce ta yi bororo. A tsakanin rassanta kuwa, idan aka ɗauki jama'a gaba ɗaya, jijiyar saifa ce ta fi yin bororo, kimanin kashi 60 cikin 100, sai ta hanta mai kimanin kashi 20 cikin 100, ragowar kuma a jijiyoyin hanji da tumbi.

Haɗarin da ke cikin al'amarin shi ne, yawancin bororo ba ya ciwo, ba ya nuna wata alama. Sau da yawa akan gan shi ne a hoton ciki da aka ɗauka don wata larura dabam, ko kuwa ba za a san da shi ba sai ranar da ya fashe. Jinin jikin baligi bai wuce kimanin lita 5 ba, kuma rasa lita 2 ya isa ya jefa mutum cikin halin mutuwa ko rayuwa. Idan bororo ya fashe, jinin yana taruwa ne a cikin ciki inda ido ba ya gani.

Yadda lufus take raunana jijiya

A tsakanin sauran jama'a, bororon babbar jijiya ya fi samun maza tsofaffi masu shan taba da masu hawan jini. Ga masu lufus kuwa, an sha ganinsa a jikin mata masu ƙananan shekaru. Likitoci sun danganta hakan da dalilai kamar haka:

1. Kumburin bangon jijiya. Garkuwar jiki da ta rikice takan afka wa bangon jijiya da ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da shi, har ya lalace ya rasa danƙonsa.

2. Hawan jini. Kusan rabin masu lufus cutar takan taɓa musu ƙoda, ciwon ƙoda kuma yana jawo hawan jini, wanda yake ƙara matsa wa bangon da ya riga ya yi rauni.

3. Daɗewa ana shan magungunan sitiroyid irin su firednisolon. Waɗannan magunguna suna ceton rai, amma shan su da yawa na tsawon shekaru yana raunana naman jiki, yana kuma ƙara hawan jini da sukari da kitse a cikin jini.

4. Daskarewar kitse a bangon jijiya, wadda take samun masu lufus tun da sauran ƙuruciya.

5. Ƙwayoyin cuta. Cutar da magungunanta duka suna rage ƙarfin jiki wajen kare kansa, don haka ƙwayoyin cuta irin na tarin fuka da dangin ƙwayar taifot suna iya zama a bangon jijiya su cinye shi.

Bugu da ƙari, kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu lufus suna ɗauke da wasu sinadarai a jini masu sa jini ya riƙa gudaji, kuma sukan jawo ɓari akai-akai. Wasu daga cikinsu akan ɗora su a kan maganin tsinka jini irin su wafarin. Wannan magani ba ya haddasa bororo, amma idan jijiya ta fashe yakan sa zubar jinin ta yi wuyar tsayawa.

Ya kamata a fahimci cewa wannan matsala ba ta da yawa. Abin da aka rubuta a kanta a mujallun likitanci yawanci labarin marar lafiya ɗaya ne ko 'yan ƙalilan, kuma mafi yawan masu lufus ba za su taɓa gamuwa da ita ba. Haka kuma ciwon ciki ga mai lufus ya fi zuwa daga wasu dalilai, kamar illar magani ga tumbi ko kumburin hanji. Abin lura shi ne, babu mai iya bambance waɗannan a gida ko a kemis.

Alamomin fashewa

Babbar alama ita ce ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya a ciki ko baya ko kwiɓi, irin wanda marar lafiya za ta ce ba ta taɓa jin kamarsa ba. Tare da shi akan ga alamomin zubar jini: jiri, gumi mai sanyi, sanyin tafin hannu da ƙafa, bugun zuciya da sauri, ƙishirwa, haki, ɗashewar leɓe da cikin fatar ido da tafin hannu, rikicewar tunani, ko suma, musamman idan ta yunƙura za ta miƙe.

Wurin ciwon yakan nuna jijiyar da abin ya shafa. Idan ta saifa ce, ciwon yana sama ta hagu, yakan kuma harba zuwa kafaɗar hagu. Idan ta hanta ce, yana sama ta dama, wani lokaci tare da shawara da aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta. Idan ta hanji ce, yana kewayen cibiya. Idan ta ƙoda ce, yana kwiɓi, ana iya ganin jini a fitsari. Idan babbar jijiyar ce da kanta, ciwon yakan soki baya, kuma a jikin marar ƙiba ana iya jin wani ƙullutu yana bugawa kamar zuciya a saman cibiya.

Akwai abubuwa biyu da suke yaudarar 'yan'uwa har ma da ma'aikatan lafiya. Na farko, idan jijiyar saifa ta fashe, jinin yakan fara taruwa a wani ɗan lungu da ke bayan tumbi. Sai marar lafiya ta farfaɗo, ciwon ya ragu, har ta nemi ruwa ta yi magana. Bayan wasu sa'o'i, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu, sai jinin ya ɓalle ya malale cikin gaba ɗaya, ta sake faɗuwa, kuma faɗuwa ta biyu ta fi ta farko muni. Wannan lafawa ita ce damar da ake da ita ta isa asibiti, don haka kada a ɗauke ta a matsayin samun sauƙi. Na biyu, magungunan sitiroyid suna danne zazzaɓi da taurin ciki, ta yadda za a taɓa cikin a ji shi da laushi alhali kuwa jini yana zuba.

Mata masu juna biyu suna buƙatar kulawa ta musamman. Bororon jijiyar saifa ya fi samun mata, musamman waɗanda suka haihu sau da yawa, kuma ya fi fashewa a watanni uku na ƙarshen ciki. Idan hakan ta faru, uwa da ɗan da ke cikinta duka suna cikin babban haɗari, kuma akan ɗauka naƙuda ce ta taso.

Abin da za a yi nan take

1. A kwantar da ita, a lulluɓe ta, kada a bar ta ta yi tafiya da ƙafarta.

2. A nemi mota nan da nan, ko dare ko rana. Kada a zaunar da ita a kan babur matuƙar akwai wata hanya.

3. A nufi asibiti mafi kusa da ke da ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini, wato babban asibiti ko asibitin koyarwa.

4. Kada a ba ta abinci ko kunu ko jiƙo, domin mai yiwuwa ne a shiga da ita tiyata.

5. Kada a ba ta asfirin ko ibufurofen ko daikulofenak, domin suna ƙara zubar jini, suna kuma cutar da ƙoda.

6. Kada a danna cikin, kada a gasa shi da ruwan zafi, kada a yi tsaga ko ƙaho.

7. A tafi da katin asibitinta da dukkan magungunan da take sha a cikin kwalayensu, tare da 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini.

8. Da isa asibiti, kalmar farko da za a faɗa wa ma'aikaci ita ce tana da lufus, sannan a ambaci ko tana shan sitiroyid ko maganin tsinka jini. Wadda ta daɗe tana shan sitiroyid tana buƙatar ƙarinsa ta allura a lokacin tiyata, in ba haka ba jininta zai iya yin ƙasa matuƙa.

Abin da ake yi a asibiti

Likita zai auna jini da bugun zuciya, a sa ƙarin ruwa, a ɗebi jini domin gwaji. Ga mace mai shekarun haihuwa akan yi gwajin ciki, domin cikin da ya zauna a wajen mahaifa idan ya fashe yana ba da irin waɗannan alamomi. Hoton ciki na sikanin yana nuna taruwar jini cikin 'yan mintoci. Babban hoton da ake kira siti-sikan, wanda ake yi bayan an ɗura wani ruwa a jijiya, shi ne yake nuna ainihin jijiyar da ta fashe.

Hanyoyin tsayar da jinin iri biyu ne. Ta farko ita ce tiyata, inda ake buɗe ciki a ɗaure jijiyar, ko a yanke wurin da ya lalace a maye shi da bututun roba na musamman, ko a cire saifa gaba ɗaya. Likita Charles Dubost ne ya fara cire bororon babbar jijiyar ciki cikin nasara a birnin Faris a shekarar 1951. Hanya ta biyu ba ta buƙatar buɗe ciki: akan zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa wurin, a toshe shi da ƙananan zaren ƙarfe, ko a shimfiɗa masa sabon bango daga ciki. Wannan hanya ta yaɗu ne daga shekarun 1990, tana kuma buƙatar na'urori da ƙwararrun da sai a manyan cibiyoyi ake samunsu. Idan an tabbatar kumburin bangon jijiya ne sanadi, akan ƙara da magungunan danne lufus; idan ƙwayoyin cuta ne, akan ba da maganinsu na tsawon makonni.

Bambancin da ke tsakanin gano bororo da wuri da ganinsa bayan ya fashe babba ne. A cikin mutum 10 da babbar jijiyar cikinsu ta fashe, kimanin 8 ba sa rayuwa, da yawansu ma kafin su isa asibiti, alhali mafi yawan waɗanda aka yi wa aiki kafin fashewa suna tashi lafiya. Akan gyara babbar jijiya idan ta kai kimanin santimita 5.5 ga maza ko 5 ga mata. A ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin tiyatar jijiya ta Amurka ta fitar a shekarar 2020, an ba da shawarar gyara bororon jijiyar saifa idan ya wuce santimita 3, na hanta idan ya wuce santimita 2, amma ga macen da ke shekarun haihuwa a gyara na saifa komai ƙanƙantarsa.

Wadda aka cire wa saifa tana buƙatar alluran rigakafi na musamman, ta riƙa kwana cikin gidan sauro, ta kuma garzaya asibiti da zarar ta ji zazzaɓi, domin maleriya da sauran cututtuka sun fi tsanani ga marar saifa.

Matakan kariya ga mai lufus

Hanyar rage haɗari ita ce a hana cutar tashi, a kuma kiyaye lafiyar jijiyoyi. A riƙa zuwa asibiti a ranakun da aka yanka ko da ana jin sauƙi. A riƙa auna jini akai-akai, a rage gishiri da dunƙulen miya, a nisanci taba da hayaƙinta. Maganin haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da aka sani, shi ne ginshiƙin maganin lufus. Yana rage tashin cutar, ana iya shan sa da juna biyu, sai dai akan duba idon mai shan sa lokaci-lokaci.

Game da sitiroyid, kada wanda ya karanta wannan bayani ya daina shan sa da kansa. Dakatar da shi farat ɗaya yana da haɗari ga rai. Likita ne yake rage shi sannu a hankali zuwa mafi ƙarancin abin da zai wadatar. Haka kuma kada a ƙara shi daga kemis don gaɓoɓi sun motsa. Har ila yau, a shekarar 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa magungunan dangin sifurofuloksasin suna iya ƙara haɗarin fashewar babbar jijiya ga masu bororo ko masu haɗarin samunsa. Da yake jama'a sun saba sayen wannan magani don taifot, wajibi ne mai lufus ta tuntuɓi likitanta kafin ta sha.

Macen da take son ɗaukar ciki ta shawarci likita tukuna. Abin da aka fi so shi ne cutar ta lafa na aƙalla wata 6 kafin a ɗauki ciki, a yi awo a babban asibiti, a kuma haihu a can. A nan mazaje da iyaye da surukai suna da babbar rawar takawa.

Kira ga shugabanni da ma'aikatan lafiya

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansiloli da su tabbatar kowane ƙauye ya san motar da za a nema da dare, da direban da za a tasa, da asibitin da za a nufa. A wuraren da ake da shirin direbobin sa-kai masu ɗaukar mata masu naƙuda, yana da kyau a faɗaɗa fahimtarsu ga irin wannan larura. A ƙarfafa wa matasa gwiwa su san rukunin jininsu, su kuma saba da ba da gudummawar jini. A kuma wayar da kan magidanta su bar izini a gida cewa idan larurar gaggawa ta taso a wuce asibiti ko ba sa nan.

Ga ma'aikatan asibitocin matakin farko, duk mai lufus da ta zo da matsanancin ciwon ciki tare da jiri ko saurin bugun zuciya, a ɗauke ta a matsayin mai zubar jini har sai an tabbatar ba haka ba ne. A sa mata layin ƙarin ruwa, a ba ta gwargwadon abin da zai riƙe ta cikin hayyacinta, a rubuta takardar turawa mai ɗauke da sunan cutar da magungunanta da lokacin da ciwon ya fara, a kira asibitin da za a tura ta, kada a kwantar da ita don a ga abin da safiya za ta yi. Domin ci gaba da kula da cutar kanta, akan tura masu lufus manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, da na Jami'ar Jos.

Yana da muhimmanci jama'a su san cewa sashe na 20 na Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma ya tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun, ga wanda ya saɓa. Saboda haka kada neman kuɗi ya tsayar da iyali a gida. A fara isa asibiti, wasu su biyo baya da abin da ya samu.

Kammalawa

Fashewar jijiyar ciki ba ta da yawa a tsakanin masu lufus, don haka babu dalilin zama cikin fargaba. Abin da muke roƙo shi ne kowane gida da ke da mai wannan cuta ya ajiye katinta da magungunanta a wuri guda da kowa ya sani, ya kuma riƙe wannan ƙa'ida: idan ciwon ciki ko baya mai tsanani ya taso mata farat ɗaya tare da jiri ko gumi mai sanyi ko suma, a tafi babban asibiti a wannan sa'a, ko da ta farfaɗo ta ce ta ji sauƙi. Muna fatan waɗanda suka karanta za su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su sami damar karantawa ba.